Gano Bakin Zaren Matsalolin Shiga Uwar Garke Daga Nesa ta Hanyar SSH

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wata matsala da ke addabar masu kula da uwar garke, wato gazawar shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar ƙa'idar SSH. Manufarta ita ce ta nuna cewa haɗuwar SSH matakai ne shida a jere, kuma kowane saƙon kuskure da ya fito yana nuni ne ga matakin da tafiyar ta tsaya. An yi nazarin saƙonnin manhajar OpenSSH da tsarin da take zuwa da shi, aka haɗa da abin da mai maƙalar ya gani da idonsa a fagen aiki, musamman a inda ake dogaro da intanet na wayar salula. Maƙalar ta gano cewa gyara da ka shi ke tsawaita matsala, kuma gaggawar shiga kan kai ma'aikaci ga sassauta matakan tsaro. Daga ƙarshe ta kawo shawarwari ga masu aiki da masu koyarwa.

1.0 Gabatarwa

Uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet ko rumbun bayanan wata ma'aikata, ba kasafai take zama ɗaki ɗaya da mai kula da ita ba. Tana iya kasancewa a wata cibiyar ajiyar bayanai a Legas ko Jamus ko Afirka ta Kudu, shi kuwa yana zaune a Kano ko Maraɗi da 'yar kwamfutarsa a cinya. Igiyar da ta haɗa su ita ce SSH. Da ita yake sabunta manhaja, ya kwashe ajiya, ya tayar da abin da ya tsaya. Ranar da igiyar ta tsinke kome sai ya tsaya cak, ɗalibai na jiran shafin rajista, shugaban ma'aikata na ta bugo waya.

A irin wannan hali ne ake ganin abin da ya sa aka rubuta maƙalar. Ma'aikaci kan yi wa saƙon da ya fito kallo ɗaya, ya ce "ta ƙi shiga", sai ya hau taɓe-taɓe. Ya sake kunna uwar garke, ya ƙirƙiri sabon mabuɗi, ya kashe katangar tsaro, duk a zama ɗaya. In an yi sa'a ta buɗe, bai san abin da ya gyaru ba. In ba ta buɗe ba, ya ƙara wa kansa matsala uku a kan ɗaya. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, saƙon da ake tsallakewa shi ne bakin zaren, kuma wanda ya san jerin matakan haɗuwa zai iya ɗora kowane saƙo a gurbinsa kafin ya taɓa kome.

2.0 Asalin SSH da Yadda Haɗuwa Take Gudana

Kafin SSH, ana shiga kwamfuta daga nesa ne da manhajoji irin su telnet da rlogin, waɗanda ke aika sunan mutum da kalmar sirrinsa a fili, duk wanda ya kasa kunne a kan layi zai iya kwashewa. A 1995 aka yi irin wannan satar kalmomin sirri a Jami'ar Fasaha ta Helsinki da ke ƙasar Finlan, abin da ya sa wani mai bincike a jami'ar, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiri SSH. A shekarar ce aka ware mata ƙofa mai lamba 22, tsakanin 21 ta FTP da 23 ta telnet. A 1999 masu aikin OpenBSD suka fitar da OpenSSH, wadda ita ce ke kan akasarin kwamfutocin Linux a yau. A watan Janairun 2006 aka daidaita zubi na biyu na ƙa'idar a takardun RFC 4251 zuwa 4254.

Don sauƙaƙa bayani, a ɗauki mai shiga a matsayin baƙon da ya nufi wani gida. Da farko sai ya san kwatance ya kama hanya. Na biyu ya iske ƙofa a buɗe. Na uku ya yi sallama a amsa, su daidaita a kan harshen da za su yi magana da shi. Na huɗu ya tabbatar cewa wanda ya fito shi ne mai gidan da ya zo nema. Na biyar shi ma ya nuna shaidarsa. Na shida a shigar da shi zaure a ci gaba da zance. Ba a kaiwa wani mataki sai an wuce na gabansa. Wannan jeri shi ne kayan aikin mai bincike na farko: idan saƙo ya nuna an tsaya a mataki na biyar, to an riga an wanke huɗun farko daga zargi.

Umarnin ssh -v shi ke nuna tafiyar a fili, ana iya ƙara haruffan zuwa -vvv don samun cikakken bayani. Layin "Connection established" na nufin an wuce hanya da ƙofa. Layin "Server host key" na nufin an kai mataki na huɗu. Layin "Authentications that can continue" na nufin an shiga na biyar. Layin ƙarshe da ya fito kafin a tsaya shi ne wurin da za a fara tono.

3.0 Matakan Haɗuwa da Alamomin Cikas

3.1 Kwatance da Hanya

Saƙon "Could not resolve hostname" yana nufin kwamfuta ta kasa fassara sunan uwar garke zuwa adireshin IP, ko don kuskuren rubutu ko don tsarin DNS ya sami matsala. Gwada shiga da adireshin kai tsaye kan raba gardama. Saƙon "No route to host" kuwa na nuna an san adireshin amma ba a sami hanyar isa ba. Wani lokaci laifin ya fi ƙarfin mai shiga da mai gida baki ɗaya. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, sun lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni a Nijeriya da Ghana da maƙwabtansu. A rana irin wannan, taɓa tsarin uwar garke ɓarna ce kawai. Shi ya sa ya kamata a fara gwada shiga ta wani layi na daban kafin a zargi kowa.

3.2 Ƙofa

A nan ne ake yawan gwamutsa saƙonni biyu da suka sha bamban. "Connection refused" amsa ce mai saurin dawowa: an isa kwamfutar, ta ce babu mai sauraro a wannan ƙofa. Ke nan ko manhajar sshd, mai karɓar masu shiga a uwar garke, ba ta aiki, ko an mayar da ita wata ƙofa, ko katangar tsaro ce ta mayar da amsar ƙi. "Connection timed out" kuwa shiru ne, an yi ta ƙwanƙwasawa ba amsa har aka gaji. Wannan ya fi nuni ga katangar da ke haɗiye saƙo ba tare da ta ce uffan ba, ko kwamfutar a kashe take, ko adireshin ba nata ba ne.

Umarnin nc -vz tare da adireshi da lamba 22 yana gwada ƙofar ita kaɗai. Umarnin ping ba ya wadatarwa, domin cibiyoyi da dama suna toshe shi alhali ƙofa ta 22 tana buɗe. Daga ɓangaren uwar garke, ss -tlnp na nuna ko sshd na sauraro da ƙofar da take sauraro. A tuna cewa katanga kan zama biyu ko uku: ta cikin kwamfutar, da ta kamfanin da ke ba da hayarta, da ta ma'aikatar da mai shiga yake zaune, wadda tana iya hana fita ta ƙofa ta 22.

Akwai abin da ya shafi masu aiki da intanet na wayar salula kai tsaye. Kamfanonin sadarwa sukan tara masu amfani da yawa a bayan adireshin IP ɗaya na waje, su ba kowa adireshin ciki, sau da yawa daga rukunin 100.64.0.0/10 da aka ware don haka a 2012. Sakamakon haka biyu ne. Adireshin mutum na waje yakan canja, don haka katangar da aka tsara ta yarda da adireshin jiya za ta ƙi shi yau. Sannan idan manhaja irin fail2ban ta toshe adireshi saboda laifin wani, duk wanda ke bayan adireshin ya shiga ciki.

3.3 Sallama da Daidaita Harshe

Bayan an buɗe ƙofa, ɓangarorin biyu kan gabatar da kansu, sannan su zaɓi dabarun ɓoye bayanai da kowannensu ya iya. Idan aka ga saƙon da ya fara da "kex_exchange_identification" ya ƙare da yankewa, to an amsa ƙofa amma an rufe kafin a gama gaisawa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne tsarin MaxStartups, wanda ke zuwa da 10:30:100. Ma'anarsa, idan masu jiran tantancewa suka kai 10 sai a fara korar kashi 30 cikin ɗari na sababbin zuwa, adadin na ƙaruwa har a kori kowa idan sun kai 100. Uwar garken da masu kutse ke yi wa ruwan gwaje-gwaje tana iya korar mai ita ta wannan hanya. Daga zubi na 9.8 na 2024, OpenSSH da kanta takan hukunta adireshin da ya yawaita kuskure na ɗan lokaci.

Saƙon "no matching host key type found" yana nuna tsoho ne ya haɗu da sabo. OpenSSH 7.0 ta 2015 ta daina karɓar mabuɗan DSA sai an nema, 8.8 ta Satumbar 2021 ta daina karɓar sa hannun RSA mai amfani da SHA-1, sannan 10.0 ta 2025 ta cire DSA ɗungurungum. Tsofaffin na'urorin sadarwa da ba a sabunta ba su ne suka fi faɗawa wannan rami. Maganin gaskiya shi ne sabunta tsohon ɓangaren. Idan hakan bai samu ba, a halatta tsohuwar dabarar ga wannan na'ura ita kaɗai a fayil ɗin config, kada a buɗe ta ga kowa.

Akwai kuma tsayawar da ba ta fitar da saƙo. Na taɓa cin karo da ita a wata ma'aikata da ke shiga uwar garkenta ta cikin VPN. Ƙofa na buɗewa, gaisuwa na wucewa, sai kome ya daskare a layin "expecting SSH2_MSG_KEX_ECDH_REPLY". Abin da ya bayyana shi ne ƙananan ƙunshin bayanai na wucewa, manya na maƙalewa. Girman ƙunshi na yau da kullum bayit 1500 ne, amma VPN kan ci wani abu daga ciki, kuma katangar da ke tsakani ta toshe saƙon da zai gaya wa mai aikowa ya rage girma. Da aka rage MTU, wato iyakar girman ƙunshin, zuwa 1400, nan take aka shiga.

3.4 Shaidar Mai Gida

Kowace uwar garke tana da mabuɗin da ake gane ta da shi, wanda kwamfutar mai shiga ke ajiyewa a fayil ɗin known_hosts tun ranar farko. Idan ya canja, sai gargaɗin "REMOTE HOST IDENTIFICATION HAS CHANGED" ya fito da manyan haruffa. Dalilin na iya zama na halal, kamar sake girka babbar manhaja ko ba wata kwamfuta tsohon adireshi. Yana kuma iya zama wani ne ya shiga tsakani yana sojan gona. A ranar 24 ga Maris 2023 kamfanin GitHub ya canja mabuɗinsa na RSA bayan ɓangarensa na sirri ya bayyana a fili na ɗan lokaci bisa kuskure, kuma ya wallafa sabon tambarin mabuɗin don kowa ya gwada da abin da ya gani. Haka ya kamata a yi a kowace ma'aikata: a duba tambarin da ssh-keygen -lf daga cikin uwar garken ta wata hanya amintacciya, in ya dace sannan a goge tsohon da ssh-keygen -R.

3.5 Shaidar Baƙo

Saƙon "Permission denied" tare da kalmar publickey albishir ne ta wata fuska, domin ya nuna hanya da ƙofa da gaisuwa duk lafiya. Da gangan uwar garke take ɓoye dalilin ƙin, don kada ta taimaki mai kutse. Dalilin na rubuce a kundinta: /var/log/auth.log a Debian da Ubuntu, /var/log/secure a dangin Red Hat, ko ta umarnin journalctl.

Abubuwan dubawa a jere su ne sunan mai shiga, da mabuɗin da aka miƙa, da izinin fayil. Sunan kan bambanta da irin kwamfutar da aka yi haya, misali ubuntu a wata, ec2-user a wata, kuma tun daga OpenSSH 7.0 ba a barin root ya shiga da kalmar sirri sai an canja tsari. Mai mabuɗai da yawa kan gamu da "Too many authentication failures", domin kwamfutarsa na miƙa su ɗaya bayan ɗaya har ta cika adadin 6 na MaxAuthTries kafin ta kai ga na daidai. Zaɓin IdentitiesOnly tare da -i yana magance wannan.

Batun izinin fayil shi ne ya fi ruɗa masu koyo. Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini kwamfutarsa da hantsi, ya kwana yana fama. Ya ƙirƙiri mabuɗi har uku, ya kwafe kowanne da kyau, ba wanda ya buɗe. Muka shiga ta allon gaggawa na kamfanin hayar, muka buɗe kundi, sai ga layi ɗaya yana ta maimaituwa: "Authentication refused: bad ownership or modes for directory". Ashe da yammacin jiya ya yi chmod 777 a kan foldarsa ta gida don wani shafin da yake gwadawa ya sami damar rubutu. Tsarin StrictModes kuwa ba ya yarda da mabuɗin da ke inda wani daban zai iya rubutawa. Muka mayar da foldar gida 755, ta .ssh 700, fayil ɗin authorized_keys 600. Mabuɗinsa na farko ne ya buɗe, wanda tun asali ba shi da laifi.

3.6 Yankewa Bayan an Shiga

Saƙon "Broken pipe" bayan ɗan shiru yakan samo asali ne daga na'urorin da ke tsakani, waɗanda ke manta haɗuwar da ta daɗe ba motsi. Sanya ServerAliveInterval 30 yana sa kwamfuta ta riƙa taɓa uwar garke duk bayan daƙiƙa 30. A inda layi da wutar lantarki ba su da tabbas, wajibi ne a gudanar da dogon aiki a cikin tmux ko screen, don kada sabunta manhaja ya tsaya a tsakiya idan layi ya yanke. Manhajar Mosh, wadda Keith Winstein ya fitar a 2012, tana jure canjin adireshi, amma tana buƙatar a buɗe ƙofofin UDP daga 60000 zuwa 61000.

4.0 Gyaran da Ke Zama Ɓarna

Hausawa na cewa garin gyaran gira a rasa ido. Kusan kowace matsala da aka ambata tana da gajeriyar hanyar da ke buɗe ƙofa nan take ta bar gida a tsirara: kashe katangar tsaro, kashe StrictHostKeyChecking mai tantance shaidar mai gida, barin root ya shiga da kalmar sirri, tura mabuɗin sirri ta WhatsApp ga abokin aiki. Akan yi su da niyyar mayarwa gobe, goben kuma ba ta zuwa. Duk kwamfutar da ta buɗe ƙofa ta 22 ga intanet tana samun baƙin da ke gwada sunaye da kalmomin sirri dare da rana, kuma duba kundi na minti ɗaya ya isa shaida.

Abin da ya faru a Maris 2024 ya isa darasi game da darajar bin diddigi. Andres Freund, injiniya a kamfanin Microsoft kuma ɗaya daga cikin masu aikin PostgreSQL, ya lura cewa shiga ta SSH a kwamfutarsa ta gwaji ya ƙara jinkirin kimanin rabin daƙiƙa, kuma sshd na cin ƙarfin na'ura fiye da ƙima. Bai kau da kai ba. Ya bi sawu har ya gano ɓoyayyiyar ƙofar da aka dasa da gangan a manhajar xz, zubi na 5.6.0 da 5.6.1, ya sanar a ranar 29 ga watan, kafin ta bazu a manyan zubin Linux da ake aiki da su. Tambayar "me ya sa?" ita ce ta tsare ɗimbin kwamfutoci a duniya.

5.0 Shawarwari

Na farko, a karanta saƙon kuskure kalma bayan kalma, a ajiye shi a rubuce, a gano matakinsa. Na biyu, a canja abu ɗaya a lokaci guda, a gwada, a rubuta sakamako. Na uku, a duba ɓangarorin biyu, ssh -v a wajen mai shiga da kundi a wajen uwar garke. Na huɗu, duk wanda zai taɓa sshd_config ya bar tagar da ya shiga da ita a buɗe, ya tantance fayil ɗin da sshd -t, ya gwada shiga ta sabuwar taga kafin ya rufe ta farko. Na biyar, kowace ma'aikata ta tanadi hanyar shiga ta biyu, kamar allon gaggawa na kamfanin haya, ta kuma gwada ta tun ana zaune lafiya. Na shida, a koma mabuɗan Ed25519, waɗanda OpenSSH ke karɓa tun zubi na 6.5 na 2014, a sa musu kalmar sirri.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi haɗuwar SSH daga kwatance zuwa zaure, ta nuna cewa kowane cikas yana da gurbinsa da alamarsa da maganinsa, kuma ba ɗaya daga cikin magungunan da ke buƙatar a rushe tsaro. Abin da ya rage yana hannun malaman sassan kimiyyar kwamfuta da cibiyoyin horaswa. Ɗalibin da aka koya wa yadda ake shiga kawai, ranar da ƙofa ta ƙi buɗewa katangar zai fasa. Ina kira gare mu da mu riƙa lalata uwar garken gwaji da gangan, mu toshe ƙofa yau, mu ɓata izinin fayil gobe, mu sa ɗalibai su gano matakin da aka tsaya su faɗi hujjarsu kafin su taɓa kome. Haka kuma mu fassara musu waɗannan saƙonni da Hausa a cikin aji, domin wanda ya fahimci abin da kwamfuta ta gaya masa ya riga ya yi rabin gyara.